KUƊIN RUWA BA YA BARCI



'Yan'uwa ƙaunatattu cikin Kristi, musamman ku da kuke zaune a Ruwan Gizo, da Talata Mafara, da Bakura, da Maradun, da ƙauyukan da ke kewaye da su, muna gaishe ku da sunan Ubangijinmu.

Kaka ta yi. An fara shigo da sabon hatsi kasuwar Mafara ranar Talata, yara kuma sun fara ƙidaya kwanakin da suka rage kafin Kirsimeti. A irin wannan lokaci ne masu bin bashi suke buɗe littattafansu, a cikinsa ne kuma masu ba da sabon bashi suke shimfiɗa tabarmarsu. Saboda haka muka ga ya wajaba mu yi magana a wannan shafi a kan abin da ba a cika son faɗa a gaban jama'a ba. A 'yan watannin nan, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, wani ɗan'uwa ko wata 'yar'uwa sukan tsaya bayan Misa, su jira har kowa ya watse, sa'an nan su miƙo mana waya ko takarda, su ce a karanta a faɗa musu nawa ake binsu. Abin da ya tsorata mu shi ne, kowannensu ya san adadin da ya karɓa har zuwa kwabo, amma ba ko ɗaya da ya san adadin da zai biya kafin ya fita.

Bari mu fara da Maganar Allah. A sura ta 5 ta Littafin Nehemiya an ba mu labarin kukan da ya tashi a Urushalima sa'ad da ake sake gina garun birnin. Abokan gaba suna waje suna barazana, magina suna aiki da makamai a kusa da su, duk da haka kukan da ya fi girgiza Nehemiya daga cikin gida ya fito. Talakawa da matansu suka kawo ƙarar 'yan'uwansu Yahudawa. Waɗansu sun jinginar da gonakinsu da gidajensu domin su sami hatsi a lokacin yunwa. Waɗansu sun ci bashi domin su biya harajin sarki. Har an kai ga ba da 'ya'yansu mata bauta, ba su kuwa da ikon fansarsu, gama gonakin da za su sayar suna hannun waɗansu. Nehemiya ya husata ƙwarai, amma Littafin ya nuna sai da ya yi tunani a ransa kafin ya buɗe baki. Ya tara jama'a, ya tsawata wa manya, bai kuma tsame kansa ba, domin ya yarda a gaban kowa cewa shi ma da mutanensa suna ba da rancen kuɗi da hatsi. Ya nemi a mayar wa mutane gonakinsu a wannan rana, a daina karɓar ruwa, ya kira firistoci aka rantsar da masu bin bashin.

Wanda ya zauna a wannan yanki ba ya bukatar a fassara masa wannan sura. Mun san abokan gaba na waje. Mun tuna da 'yan matan makarantar Jangebe a watan Fabrairu 2021, da kwalejin aikin gona ta Bakura a watan Agusta na shekarar, da makarantar Kaya ta ƙasar Maradun a watan Satumba. Mun san ƙauyukan da 'yan bindiga suka ɗora wa haraji kafin a bar su su yi shuka ko girbi. Mun kuma san darajar gona a nan. Sa'ad da aka gama gina madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, manoma da yawa suka rasa filayen kakanninsu, a watan Afrilu 1980 kuwa aka zubar da jinin waɗanda suka tsaya neman diyya. Dattawanmu ba su manta ba. To, gonar da waɗansu suka mutu a kanta, yau tana fita daga hannun jikokinsu ba tare da ƙarar bindiga ko ɗaya ba, ta hanyar jingina da sa hannu a takardar da ba a karanta ba.

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Gaskiya ne, ba kuwa muna rubuta wannan domin mu kunyatar da kowa ba. Noman rani a Bakolori ba ya yiwuwa sai da kuɗi a hannu tun kafin a ga ƙwaya ɗaya: iri, da taki, da maganin ciyawa, da ladan 'yan ƙodago, da man inji, wanda farashinsa ya yi tsalle bayan cire tallafin mai a watan Mayu 2023. Ɗan kasuwa yana ɗaukar kaya bashi, malamin makaranta yana jiran albashi. Tun kafin a haife mu akwai wanda yakan ba manomi buhu ɗaya a watan Agusta, lokacin da rumbu ya ƙare, ya karɓi buhu biyu a Nuwamba. Mai ba da irin wannan rance zai ce hatsi ya fi tsada da damina, ya faɗi da kaka, maganarsa kuwa tana da ƙamshin gaskiya. Amma ninki biyu a wata uku, in aka auna shi da ma'aunin banki, kashi 400 ne cikin ɗari a shekara. Duk da munin wannan, mai bin bashin maƙwabci ne. Ana iya zuwa ƙofar gidansa da dattijo a roƙe shi, yana jin kunyar idon jama'a, yana zuwa jana'iza.

Abin da ya shigo mana yanzu ba shi da ƙofar gida. Shi ne bashin kati da bashin waya, shi ne kuma muke so mu zauna a kansa mu yi lissafi, ko da waɗansu za su ce lissafi ba aikin Fada ba ne. Ubangijinmu da kansa, a Luka 14, ya kawo misalin mai son gina hasumiya, wanda ya kamata ya zauna tukuna ya ƙididdige abin da ginin zai ci, kada ya sa harsashi ya kasa gamawa, ya zama abin dariya. Ya faɗi haka a kan bin sa, amma da hankalin da kowane magidanci ya kamata ya mallaka ya yi misalin.

Katin da yawancinmu muke riƙe da shi, wanda muke miƙa wa mai POS, katin cirar kuɗi ne. Abin da ka ajiye shi kake ɗiba, in ya ƙare na'ura ta ƙi ka. Katin bashi kamarsa ɗaya da wancan a ido, amma kuɗin da ke bayansa na banki ne. An fara irinsa a Amurka a 1950, wani banki a can ya baza shi ga jama'a a 1958, daga wannan ne Visa ta samo asali. A ƙasarmu ya daɗe yana hannun manyan ma'aikata kawai, amma ana ta faɗaɗa shi, a 2024 kuma Gwamnatin Tarayya ta kafa hukuma ta musamman domin bunƙasa ba ma'aikata bashin sayen kaya. Saboda haka wanda ba a yi masa tayi ba tukuna, ya shirya, ana tafe.

Ga yadda yake aiki. Banki yakan yanka maka iyaka, a ce naira 200,000. Duk abin da ka saya a cikin wata ana rubutawa, a ƙarshen watan a aiko maka da jimla da ranar biya. Idan ka biya jimlar dukanta kafin ranar, a yawancin katuna ba za a ɗora maka ruwa a kan kayan da ka saya ba. Wannan ita ce kaɗai hanyar da katin yake zama bawanka. Idan ka bar ko da kaɗan ya kwana bayan ranar, sai ruwa ya fara gudu, kuma kullum ake lissafa shi. A ce ana binka naira 100,000, ruwan kuwa kashi 3 cikin ɗari ne a wata. Kashi 3 ƙaramin abu ne a kunne, amma kashi 36 ne a shekara, wato kusan naira 99 kowace rana ta Allah. Ranar Lahadi kana Misa ana ƙara 99. Kana kwance a asibiti ana ƙara 99. Ranar Kirsimeti, da ofisoshi suke kulle, lissafin ba ya hutu. A ƙarshen wata ruwan ya kai kusan naira 3,000, in ba ka biya ba sai a haɗa shi da uwar kuɗi, shi ma ya fara haihuwa. Bayan wata 12 ba tare da ka sake sayen ko allura ba, naira 100,000 ta zama naira 142,576, ban da tarar makara.

Kada wani ya ce mun zaɓi adadi mai yawa domin mu tsoratar. A watan Nuwamba 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari, bankuna kuwa sama da wannan ma'auni suke ba talaka rance.

Tarkon da ya fi kama mutanen kirki shi ne abin da ake kira mafi ƙarancin biya. A jikin takardar wata za ka ga adadi biyu, babba da ƙarami, an kuma gaya maka in ka biya ƙaramin ba ka yi laifi ba. Mutum mai amana sai ya riƙa biyan ƙaramin a kan kari, yana gode wa Allah cewa bai taɓa saɓa alkawari ba. To, mu koma ga naira 100,000 ɗin nan. Idan kana biyan 5,000 a wata, a watan farko 3,000 ruwa ta tafi, 2,000 kaɗai ta taɓa uwar kuɗi. A haka za ka yi wata 31 kafin ka fita, ka kuma biya kusan naira 155,000. Idan ka daure ka riƙa biyan 10,000, za ka gama a wata 12 da 'yan kwanaki, jimlar kuwa wajen naira 121,000. Idan 3,000 kake iya biya, to, ko ka shekara ashirin kana biya, ranar da za a binne ka ana binka naira 100,000 cif, kamar ba ka taɓa ba da ko sisi ba. Ku sani kuma, cirar tsabar kuɗi da katin bashi ta fi sayen kaya tsada, gama a yawancin katuna ruwa yana fara gudu tun daga ranar da aka cira, ga kuma ladan cirar.

Malamai da ma'aikatan ƙaramar hukuma sun fi sanin bashin da ake cirewa daga albashi. A nan ma akwai abin lura. Wani wurin zai ce kashi 5 a wata, amma a kan dukan abin da ka karɓa da farko yake lissafawa har ƙarshe, ko da ka biya rabi. Naira 300,000 a wannan tsari ruwanta 15,000 ne kowane wata, 180,000 a shekara, jimla 480,000, ana cire 40,000 duk wata. Ma'aikacin da ke ɗaukar naira 70,000, wato mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yuli 2024, zai koma gida da 30,000 har wata goma sha biyu. Ina zai sami cikon cefane? Sai ya ci wani bashin.

A nan ne bashin waya yake jiransa. Yaranmu sun ji tatsuniyar Gizo, sun san duk wanda Gizo ya gayyata cin abinci a ƙarshe shi ne abincin. Ga shi yanzu ruwa yana zuwa wa mutanen Ruwan Gizo ta yanar gizo. Saƙo zai shigo cewa an amince a ba ka naira 20,000 nan take, ba jingina, ba shaida. Bayan kwana 14 za ka mayar da 24,000. Dubu huɗu kawai, in ji zuciya. Amma akwai mako biyu-biyu har sau 26 a shekara, saboda haka ruwan ya kai kashi 520 cikin ɗari. Jinginar da suka ce ba su nema kuwa sun riga sun karɓe ta, domin sa'ad da ka danna amincewa ka buɗe musu sunayen duk mutanen da ke wayarka. Mutuncinka ka jinginar. Waɗansu daga cikin masu wannan sana'a, in aka makara kwana biyu, sukan aika wa surukai da shugaban aiki da katikis saƙo cewa wane ɓarawo ne. Abin ya yi muni har a watan Maris 2022 hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya ta kai samame ofisoshin waɗansunsu a Legas, daga baya ta wajabta musu rajista. Wannan cin mutunci saɓa wa doka ne, wanda aka yi masa yana da ikon kai ƙara. Amma kada kowa ya ɗauka zai ci kuɗin banki ya canja layi ya ɓace. Lambar BVN tana bin mutum duk inda ya je, tun daga watan Agusta 2020 kuma Babban Banki ya ba bankuna damar ɗibar abin da suke bi daga ajiyar mutum da ke wani banki, idan ya sa hannu a kan wannan sharaɗi lokacin karɓar rance.

Me Ikkilisiya ta ce? Maƙwabtanmu Musulmi sun san addininsu ya haramta cin ruwa, har an buɗe bankin Jaiz a 2012 domin masu gudun sa. Waɗansu Kiristoci sun ɗauka wannan damuwar Musulmi ce kaɗai. Ba su karanta Littafinsu ba. Dokar Musa a Fitowa 22 ta hana karɓar ruwa daga matalauci, ta kuma ce in an karɓi mayafinsa jingina a mayar masa kafin faɗuwar rana, gama da shi zai rufa ya kwana. Babban taron bishop-bishop na Nikiya a shekarar 325 ya umarta a tuɓe duk limamin Ikkilisiya da aka samu yana ba da rance da ruwa. Taron Lataran na uku a 1179 ya hana sanannun masu cin ruwa karɓar Jibi Mai Tsarki, ya hana a yi musu jana'izar Kirista idan suka mutu ba su tuba ba. A 1745 Paparoma Benedik na 14 ya rubuta wa bishop-bishop na Italiya, ya sake tabbatar da cewa neman ƙari a kan rance, don rancen kawai, zunubi ne, ko da yake ya yarda akwai dalilai na gaskiya da za su sa mai ba da rance ya karɓi wani abu, kamar asarar da ya ɗauka. Da tafiyar zamani, da kuɗi suka zama abin da darajarsa take zubewa kowace shekara, Ikkilisiya ba ta la'anci matsakaicin ruwan da doka ta tsara ba. Amma a kan wanda yake cin gajiyar yunwar ɗan'uwansa ba ta sassauta ba ko kaɗan. Katikizim na 1992, a lamba ta 2269, ya lissafa masu cin ruwan da yake jefa mutane cikin yunwa da mutuwa a sahun masu alhakin kisan kai.

Wannan magana ta shafi waɗansunmu da suke zama a kujerun gaba. Mun san akwai 'yan Ikkilisiya da Allah ya buɗa musu, waɗanda suke ba da dubu goma a karɓi dubu goma sha uku a ƙarshen wata, suna kiran abin taimako. Ɗan'uwa, idan gonar gwauruwa tana hannunka shekara uku kana nomawa, abin da ka girbe ya riga ya ninka abin da ka ba ta. Mayar mata. Kada ka kawo buhun shinkafar gonar nan gaban bagade ranar godiyar kaka ka sa ran za mu yi maka tafi. Nehemiya bai ba manyan Urushalima wa'adin shekara ba, a ranar ya ce a mayar.

Sai dai adalci yana da hannu biyu. Wanda ya ci bashi, wajibi ne ya biya. Littafin Sirak, a sura ta 29, ya zana hoton mutumin da yake ɗaukar rance kamar tsintuwa, yana ƙanƙan da kai har ya karɓa, ranar biya kuwa sai ya kawo uzuri da baƙar magana, har masu zuciyar taimako su rufe hannunsu saboda irinsa. Mun ga haka da idonmu. Sa'ad da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi a watan Nuwamba 2015, da ruwan da bai wuce kashi 9 cikin ɗari ba, akwai waɗanda ambaliya ko 'yan bindiga suka hana su biya, Allah ya san su. Akwai kuma waɗanda suka ce rabonsu ne na arzikin ƙasa, suka sayar da takin a kasuwa tun bai isa gona ba. Kiristan da ya yi haka ya karya doka ta bakwai, ko da ba wanda ya kama shi, ya kamata ya ambata shi a wurin furta zunubi. Surar nan ta Sirak ta yi gargaɗi kuma a kan tsaya wa wani lamuni fiye da ƙarfinka. Kafin ka sa hannu a takardar abokin aikinka, ka tambayi kanka ko za ka iya biyan kuɗin duka in ya gudu, ka kuma tambayi matarka, tun da yake tukunyarta ce za ta ji jiki.

Ba kowane bashi ne iri ɗaya a gaban Allah ba. Wanda aka ɗauke masa ɗa, aka ce ya kawo kuɗin fansa kafin Juma'a, ba ya da lokacin lissafin kashi cikin ɗari, ba kuwa za mu tsaya a kan mumbari mu yi masa wa'azin tattali ba. Haka wadda mijinta yake kwance ana jiran kuɗin aiki a asibitin Gusau. Irin waɗannan nauyinsu a wuyanmu yake gaba ɗaya, abin kunya ne kuma a gare mu idan mai bi ya rasa wanda zai juya wurinsa sai manhajar waya. Amma mu faɗi gaskiya, yawancin takardun da ake kawo mana ba na fansa ko asibiti ba ne. Na anko ne, da sabuwar waya, da bikin aure na kwana uku, da jana'izar da aka yanka saniyar da mamacin bai taɓa cin irinta ba yana da rai. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Mu ma da muke gaban bagade muna da namu laifin, gama sau da yawa mukan kira sunaye da adadi a ranar godiyar kaka har mai ƙaramin ƙarfi ya ji kunya, ya yi alkawarin abin da ba shi da shi. Muna faɗa a sarari: kada kowa ya ci bashi da ruwa domin ya ba Ikkilisiya. Kwanon gero daga gonarka ya isa.

Akwai wata mace a 2 Sarakuna, sura ta 4, matar ɗaya daga cikin almajiran annabawa. Mijinta mai tsoron Allah ne, amma ya mutu ya bar bashi, mai bin bashin kuwa yana tafe ya kwashe 'ya'yanta biyu su zama bayinsa. Ta kai kuka wurin Elisha. Abin da ya fara yi shi ne ya tambaye ta abin da take da shi a gida. Ta ce ba kome sai ɗan mai a tulu. Ya aike ta wurin maƙwabta ta aro tuluna da yawa, ta rufe ƙofa ita da yaranta, ta yi ta zubawa har tulunan suka ƙare. Sa'an nan ya ce ta sayar da man, ta biya bashin, su ci sauran. Harshen Hausa ya bambanta aro da rance, matar nan kuwa aro ta yi, na tulun da ba ya haihuwa. Annabin bai ce mata ta gudu ba, bai kuma aike ta wurin wani mai ba da rance ba. Albarkar ta Allah ce, amma iyakarta yawan tulunan da maƙwabta suka ba da. Da sun rufe ƙofofinsu, da man ya tsaya da wuri.

Ikkilisiya ta taɓa zama irin waɗannan maƙwabta. A 1462, a birnin Ferujiya na ƙasar Italiya, 'yan ɗariƙar Waliyyi Faransis suka sa aka kafa asusu domin ba talakawa ƙananan rance a kan jingina, ana karɓar ɗan abin da zai riƙe ma'aikata da ɗakin ajiya kawai. Aka yi ta gardama ko wannan ma cin ruwa ne, har Taron Lataran na biyar ya amince da shi a 1515. Mu ba mu rasa tushen irin wannan ba. Iyayenmu mata na Zumunta sun daɗe suna adashi, ba takarda, ba ruwa, sai amana. Abin da ya rage shi ne a ƙara masa littafi da akwati mai makulli uku a hannun mutum uku, a ware wani kaso domin gaggawa, a riƙa karanta lissafi a gaban kowa duk wata, kada kuɗin ya kwana a ɗakin mutum ɗaya ko da katikis ne. Muna roƙon ƙungiyar maza da ta matasa su bi sawun matan, su daina jin nauyin koyo daga wurinsu.

Ga wanda aka yi wa tayin kati ko rance a wannan kaka, kafin ka sa hannu ko ka danna, ka sa a rubuta maka amsar tambaya ɗaya da lambobi: jimlar naira nawa zan biya daga yau har ranar da zan gama, haɗe da kowane lada da tara? Wanda ya ƙi rubutawa, ka tashi ka bar masa kujerarsa. Idan ka riga ka karɓi katin, kada ka sayi abin da ba ka da kuɗinsa a ƙarshen watan, ka kuma biya babban adadin, ka manta da ƙaramin. Idan kuwa ruwa ya riga ya kai maka wuya, ka daina cin sabon bashi domin biyan tsoho tun daga yau. Ka rubuta dukan basussukanka a takarda ɗaya, ka fara kashe wanda ruwansa ya fi gudu, ka je wurin masu bin ka da ƙafarka kafin su zo, gama banki yakan yarda a sake tsara biya ga wanda ya zo da wuri. Ka faɗa wa matarka. Ke ma ki faɗa wa mijinki. Mun ga auren da talauci bai raba ba, amma ɓoyayyen bashi ya raba.

Daga Lahadi mai zuwa har zuwa Kirsimeti, bayan Misa, katikis da mutum biyu daga majalisar Ikkilisiya waɗanda suka iya lissafi za su zauna a ɗakin katikizim da littafi da alƙalami. Ku zo da takardar banki ko saƙon da ke waya, za a lissafa muku jimlar da wa'adin, ba za a rubuta sunan kowa ba. Wanda yake jin nauyin a gan shi yana shiga, ya sami Fada a gida da yamma, ko ya aiko da takardar a rufe ta hannun wanda ya amince da shi.